Ƙofar Banɗakin Tanti na Shida

Shekara goma sha ɗaya Eliaichi Massawe ta yi tana shirya wa mutanen da ƙafa ta gaza musu tafiyar kallon namun daji, kuma a duk tsawon shekarun nan babu maganar da ta gundure ta kamar "babu matsala". Duk masaukin da ta buga wa waya, daga gandun dajin Tarangire har na Serengeti, amsar ke nan. Akwai matakala a bakin ɗaki? Babu matsala. Keken guragu zai shiga banɗaki? Babu matsala, Mama, ke dai kawo baƙinki. Tun a shekararta ta biyu ta daina yarda da waya, bayan da ta kai wata tsohuwa wani masauki aka tarar da matakala goma sha huɗu tsakanin ɗakin kwana da wurin cin abinci. Daga ranar ba ta sake sa sunan wuri a takarda ba sai ta je da ƙafarta ta auna shi da tef.

Ofishinta ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon tayoyi a Arusha. Motarsu ma ɗaya ce, doguwar motar daji da aka cire wa kujeru uku, mai walda ya ƙera mata farantin ƙarfe a baya wanda ke ɗaga keke da mai shi. Su uku ne ke aikin: ita, da direba Lomayani, da yayanta Ndekirwa mai amsa waya da imel. Ndekirwa ya yi shekara goma sha tara yana tuƙa 'yan yawon buɗe ido a daji kafin wata babbar mota ta haɗa shi da bishiya a hanyar Makuyuni. Tun daga ranar ƙafafunsa suka mutu daga ƙugu zuwa ƙasa. Shi ya koya wa Lomayani tuƙin daji, shi ya sa har yanzu Lomayani ke ce masa Maigida.

Tafiyar da ta fi cin ran Eliaichi a wannan shekara ta wasu mata da miji ce daga ƙasar Norway, Madam Marit da mijinta Arne. Arne ya koyar a wata makaranta kusa da garin Moshi yana saurayi, kuma yana so ya sake ganin giwa kafin cutar da ke cinye masa ƙarfin jiki ta gama da shi. Wata goma sha huɗu ana shiri. Lokacin da Marit ta fara rubuto wasiƙa, sanda kawai Arne yake dogarawa. Bayan wata huɗu ta ce ya koma keke amma yana iya miƙewa ya taka zuwa gado. Daga baya ta ce miƙewar ma ta gagara. Wasiƙarta ta ƙarshe ta zo da hoton sabon kekensa mai batir, faɗinsa santimita sittin da takwas, nauyinsa ya fi na buhun masara. Duk canji ɗaya sai Eliaichi ta warware tsarin ta sake ƙullawa daga farko.

Saura mako uku su iso, masaukin da ta saba kai baƙinta a Tarangire ya aiko da saƙo cewa rufin ɗakinsu na masu keke ya rufta, gyara sai bayan damina. Ta buga waya wuri tara. Takwas sun cika. Na taran wani sabon masauki ne na tantuna a wajen gandun, manajansa, wani mai suna Mwaipopo, ya ce tantinsu na shida musamman don masu keke aka gina shi.

Ta ajiye wayar ta dubi yayanta. "Yaya, gobe za ka raka ni."

"Tef ɗinki ya ɓata ne?"

"Tef ba ya kifewa a gangara."

"Wato ni ne mai kifewa." Ndekirwa bai ɗago daga kwamfutar ba. "Aichi, ke kin san bayana ba ya son hanyar nan."

"Na sani. Amma idan na je ni kaɗai za su yi ta zuba mini ruwan lemo suna nuna mini wurin iyo. Idan suka ga keke a gabansu dole su yi maganar keke."

Daga baya ya ce ta gaya wa Lomayani ya duba farantin, don ranar da ya maƙale da shi a sama a bakin coci har yau bai huce ba.

Sun bar Arusha da sassafe. A Makuyuni suka tsaya karyawa. Ndekirwa, wanda ya saba hana kansa ci da sha duk ranar da zai yi doguwar tafiya, ya ji ƙanshin miyar akuya ya kasa haƙura, ya sha kwano guda da gurasar chapati biyu. Eliaichi ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce, "Ki bar ni, ba ke kika haife ni ba." Ta bar shi. Bayan kwalta ta ƙare suka yi fiye da awa ɗaya a kan burji mai ramuka, motar na jijjiga, shi kuma ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu ya rufe ido. Lomayani yana ta ba shi haƙuri ta madubi.

"Ba haƙuri nake so ba," in ji Ndekirwa. "Ka bi gefen dama inda yashi yake. Haka na koya maka?"

Masaukin kyakkyawa ne, ba laifi. Manyan itatuwan kuka, tantuna a jere suna fuskantar wani busasshen rafi. Ma'aikata biyu suka tarye su da tawul mai sanyi da ruwan tsamiya. Mwaipopo ya fito cikin kaki mai guga, mutum ne mai fara'a wanda bai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya gaisa da Eliaichi hannu biyu, ya tsaya yana kallon farantin na sauko da Ndekirwa, sannan ya tambaye ta cikin ladabi, "Baba yana shan lemo?"

"Baba yana jin magana," in ji Ndekirwa. "Kuma yana sha."

Mwaipopo ya yi dariyar kunya ya miƙa masa kofi.

Daga wurin ajiye mota zuwa tantuna an shimfiɗa farar tsakuwa, mai kyau a ido. Keken bai yi taku biyar ba ƙananan tayoyinsa na gaba suka nutse. Ndekirwa ya tura, ya sake turawa, jijiyoyin wuyansa suka fito. Lomayani ya matso zai taimaka, Eliaichi ta tare shi da hannu, ta bar manajan ya kalla har ya ƙoshi. Sai da ya ce, "To, wannan za mu duba," sannan ta bari Lomayani ya juya keken ya ja shi da baya.

Tanti na shida yana kan dakalin katako, an jingina masa wani faifan katako a maimakon matakala. Eliaichi ko tef ba ta ciro ba. Gangarar ta yi tsaye kamar ta loda babur a mota. Lomayani da ma'aikaci ɗaya suka tura keken da gudu ya hau. A ciki, gadon ya yi sama da yawa, da kamar taƙi guda, amma akwai fili a gefensa, ta rubuta wannan a littafinta. Sannan ta je ƙofar banɗaki ta ja tef daga katako zuwa katako. Santimita sittin da ɗaya. Ta leƙa ciki: banɗaki mai faɗi, har da ƙarafan riƙewa a bango, sababbi fil suna ƙyalli. Wani ya kashe kuɗi a kansu, amma babu keken da zai taɓa isa wurinsu.

"Malam Mwaipopo, wa ya gina wannan ƙofa?"

"Kamfani ne daga birnin Dar, Mama. Duk ƙofofinmu iri ɗaya ne."

"Keken baƙona sittin da takwas ne."

"Ai babu matsala," in ji shi da zuciya ɗaya. "Muna da ƙarti a nan, ko wane lokaci baƙo ya danna ƙararrawa za su zo su ɗauke shi su kai shi ciki. Da kaina ma zan iya. Mu nan baƙo ɗan gida ne."

Eliaichi ta yi wannan bayani sau ɗari a masaukai ɗari: cewa mutum bai ƙetare teku don ƙarti su riƙa sunkutarsa zuwa masai ba, cewa mai irin ciwon Arne idan aka ɗaga shi ta hammata kafaɗarsa na iya gocewa. Ta ja numfashi za ta fara na ɗari da ɗaya, sai Ndekirwa ya kira ta da murya ƙasa-ƙasa.

"Aichi."

Ta juya. Goshinsa ya jiƙe da gumi. Ta gane nan take. Miyar akuya da jijjigar hanya sun haɗu, kuma buƙatar ba irin wadda kwalbar fitsarin da ke jakarsa za ta biya ba ce. Ta dubi ƙofar, ta dubi kekensa, wanda faɗinsa sittin da huɗu ne.

"Akwai wani banɗaki a wurin cin abinci?" ta tambaya.

"Akwai, amma da matakala uku," in ji Mwaipopo.

Ndekirwa ya share goshinsa da bayan hannu. Ya dubi manajan sosai. "Ɗana, ka ce da kanka ma za ka iya?"

"Eh, Baba, amma bari in kira..."

"Kada ka kira kowa. Kai da Lomayani. Yi sauri."

Eliaichi ta fita ta tsaya a dakali ta juya wa ƙofa baya. Tantin zane ne, ba ya ɓoye sauti. Ta ji Lomayani yana cewa a kama ta ƙarƙashin cinya, ba ta hannu ba. Ta ji nishin Mwaipopo, don Ndekirwa ba ƙaramin mutum ba ne. Ta ji sun isa ƙofar sun ga mutum uku ba za su wuce a jere ba, sun karkata, wani abu ya bugi katako. Sai muryar yayanta, a bushe: "Yanzu sai ka riƙe ni da kyau, shi kuma ya zare bel ɗin. Kada ka kau da kai, in ka kau da kai zan zame." Ta sauka daga dakalin ta yi nesa har inda ba za ta ƙara ji ba. Can ƙasan rafin wasu barewa suna kiwo. Ta tsaya tana kallonsu ba tare da ta gan su ba, tana tuna yadda wannan mutumin yake goya ta a wuya suna haurawa gonar ayabarsu tana 'yar shekara biyar.

Bayan kusan minti ashirin Mwaipopo ya fito. Rigarsa ta manne a bayansa, gugar ta tafi. Ya sauko ya tsaya kusa da ita.

"Sau nawa a rana baƙon naki zai buƙaci wannan?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Biyar, shida. Kwana huɗu za su yi. Kuma matarsa ta haura saba'in."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro waya ya kira kafintan masaukin ya ce ya zo da zarto da guduma yanzun nan.

Sauran yinin a kan ƙafa ta yi shi. Ta nuna wa kafintan inda zai yanke, ƙofa ta koma tamanin da biyar. Ta kafa tsinke a ƙasa ta nuna masa inda gangarar za ta ƙare, kusan ninki uku na tsawon da take da shi. Ta ce a rage ƙafafun gado, a kwashe tsakuwa a daɓe hanya ko a shimfiɗa katako. Kafintan yana ta cewa katakon zai yi yawa, Mwaipopo yana cewa ya rubuta kawai. Ndekirwa yana zaune a inuwar kuka, an kawo masa abinci ya ƙi ci. Da za su tafi manajan ya durƙusa a gefen keken ya yi masa sallama, shi kuma ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma ka rage cin tuwon ugali, numfashinka gajere ne."

Sai da farantin ya ɗaga shi zuwa cikin mota Eliaichi ta ga jini a wandonsa, wajen gwiwar hagu. Ta naɗe wandon. Katakon ƙofar ya saɓule masa fata kamar faɗin tafin hannun jariri, shi kuwa bai ma sani ba, tunda ba ya jin komai a wurin. Ciwo a ƙafarsa ba ya warkewa da wuri. Na bara wata biyu ya yi yana ruwa. Ta wanke da ruwan gora ta ɗaure da bandeji daga akwatin mota.

"Manka za ta cinye ki ɗanya," in ji shi, yana nufin matarsa.

A hanyar dawowa, kafin su hau kwalta, wasu giwaye suka tare musu hanya, bakwai ko takwas, suna tsallakawa a hankali zuwa cikin gandun. Lomayani ya kashe mota. Ndekirwa ya buɗe ido ya dube su, ya ce babbar da ke gaba tana ɗingishi da ƙafar baya, ƙaramar kuma ba ta kai wata shida ba. Sannan ya ce a tayar da mota, bayansa ya ishe shi.

Manka ba ta cinye ta ba. Da ma ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta kwance bandejin ta duba, ta ɗauko magani, ba ta ce wa Eliaichi uffan ba har ta tafi.

Ciwon ya kumbura a kwana na uku, likita ya ce Ndekirwa ya zauna a gida ya miƙe ƙafar. Eliaichi ta koma ita kaɗai a ofis, tana amsa waya tana bin kafinta. Kullum sai Mwaipopo ya turo hoto: ƙofa da tef a miƙe a tsakani, gangara rabi, gangara ta ƙare. Duk da haka ta sake shiga mota ta koma ta gani da idonta. Ta tarar an yi komai, sai dai sabuwar ƙofar ciki take buɗewa, tana tare hanyar masai. Aka sake cire ta aka juya. Ta nemo hayar na'urar ɗaga majinyaci daga gado a wani shagon kayan asibiti, ta samo tukunyar iskar numfashi, ta yi magana da ma'aikacin jinya da zai bi su. Ta tura wa Marit hotuna goma sha biyu da awon kowane lungu.

Saura kwana huɗu su iso, da hantsi, wayar ofis ta yi ƙara. Wata goma sha huɗu suna rubutu, amma ba ta taɓa jin muryar Marit ba sai ranar. Murya ce siririya, ta tsohuwa, tana magana a hankali. Ta ce Arne yana asibiti tun shekaranjiya, numfashinsa ya yi rauni, likitoci sun ce ba zai hau jirgi ba, yanzu ko nan gaba. Ta ba da haƙuri har sau uku saboda wahalar da aka sha.

Eliaichi ta ce babu komai.

"Ina gefen gadonsa," in ji Marit. "Ya ga hotunan. Yana tambaya, idan mutum yana kwance a gadon nan, me yake hangowa? Hotunan duk na ƙofofi ne."

Gaskiya ne, duk na ƙofofi ne da tef. Eliaichi ta rufe ido ta yi ƙoƙarin tunawa, don ita ma ba ta tsaya kallo ba. Ta ce idan aka ɗage labulen gaba akwai kuka babba a hannun dama, sai rafi a ƙasa, babu ruwa yanzu amma giwaye na zuwa su tona yashi da hanci su sha. Ta ce akwai barewa. Ta ce ranar da suka je sun haɗu da giwaye takwas, babbarsu na ɗingishi, da 'yar ƙarama da ba ta kai wata shida ba. Tana faɗa Marit na maimaitawa da yarensu, a hankali, jimla bayan jimla. Can ta ji wata murya ta namiji ta ce wani abu gajere.

"Ya ce wace ƙafa ce take ɗingishi da ita?"

"Ta baya," in ji Eliaichi. "Ta hagu, ina jin."

Bayan sun yi sallama ta zauna na ɗan lokaci tana jin ƙarar injin cire taya daga shagon gaba. Sannan ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: mai na'ura, mai tukunyar iska, ma'aikacin jinya, Lomayani. Mwaipopo ta bari a ƙarshe. Ta gaya masa yadda ake ciki.

"Allah ya ba shi sauƙi," ya ce. "Ni har na sa an kwashe tsakuwar har wurin cin abinci, ban gaya miki ba, na so ki gani da kanki." Ya ɗan tsaya. "Mama, za ki kawo wasu dai, ko?"

Ta ce za ta kawo. Akwai wasu 'yan'uwa mata biyu daga Nairobi a watan Agusta, ɗaya mai keke, idan ba su canza shawara ba.

Ta rufe ofis da wuri ta hau bas zuwa gidan yayanta. Ta same shi a baranda, ƙafar a miƙe a kan kujera, yana sauraron rediyo. Ta gaya masa. Ya rage ƙarar rediyon, ya yi ajiyar zuciya, ya ce dama tun da aka aiko hoton keke mai batir ransa ya ba shi. Ta tambayi ƙafar, ya ce ta fara bushewa a gefe-gefe.

Manka ta fito da tukunyar dafaffiyar ayaba da nama. Ta zuba wa mijinta, ta ɗan tsaya tana duban Eliaichi, sannan ta koma ciki ta ɗauko faranti na biyu. Kafin ta dawo Eliaichi ta jingina kai da bango barci ya ɗauke ta, jakarta na kan cinya. Manka ta rufe farantin da wani, ta ajiye a gefenta.